Yadda na koyi Japananci don in kama surukata

Shekarun baya, tun gwiwa ba ta fara yi mini gardama ba, na yi wani abu da har yau idan na tuna sai in rufe fuska in yi dariya ni kaɗai. Na koyi Japananci. Wasunku da suke ganin ina saka hoton rubutun nan nasu suna ta yaba mini, wai Hajiya mai son ilimi. To yau zan faɗa muku gaskiya. Ba son ilimi ne ya kai ni ba. Mutum nake son kamawa.

Ni sai da na shekara talatin da tara kafin na riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci a Funtuwa. Turanci kuma a nan Greensboro ta Amurka na tsince shi, a ajin manya, bayan ɗana ya ɗauko ni. Saboda haka duk wanda zai ce mini wani karatu ya fi ƙarfina, na riga na ji wannan maganar sau biyu, kuma duka biyun ba ta tabbata ba.

Ɗan nan shi ne na fari. Ko wannan "ɗana" da kuke gani, hannu ne ya rubuta, baki ba zai iya ba. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi, ya taso yana ce mini Yaya kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ban taɓa kiran sunansa ba. Idan ina nemansa in ce "kai", idan ina maganarsa in ce "wannan". Haka na ga uwata tana yi wa yayanmu, haka ita ma ta gani a gidansu.

Injiniya ne a wani kamfani mai mutanen Japan da yawa, a can ya gano yarinyar. Maganar addini da ta dangi an gama ta tun kafin ɗaurin aure, ba ita zan ba ku labari ba. Suka zauna a Sedgefield, ni kuma ina ɗan gidana na haya a East Greensboro, ina aikin wanki da ninki a wani gidan kula da tsofaffi. Duk Lahadi da safe nakan tuƙa motata in je musu. Yarinya ce mai ladabi, ta karɓi jakata, ta jera mini takalmi, ta ce "Mama, sannu da zuwa" da Hausarta ta kwana biyu. Amma da ƙarfe tara ta yi sai ta kafa waya a kan teburin kicin ta kira mahaifiyarta ta bidiyo. Nan take murya ta sauka. Su yi ta ƙus-ƙus, ta ɗan waiwayo inda nake, ta mayar da ido, tsohuwar ta gyaɗa kai. Na yi shekara ina kallon wannan waiwayen. Ni ba yarinya ba ce. Na san waiwayen da ake yi wa wanda ake maganarsa.

Da ta haihu, mahaifiyar ta zo ta yi wata uku. Na tafi da kanwa da gero da yaji, na ce a dafa ruwa mai jego ta yi wanka. Suka sunkuya, suka yi godiya, suka sake sunkuyawa, ba a dafa ruwan ba. Kunun ta kurɓa sau biyu ta ce ya yi daɗi ƙwarai, da yamma na gan shi a firij an rufe shi da leda kamar magani. Daga baya na ji wai su a can mai jego ba ta zama cikin ruwa sai ta yi wata. A lokacin babu wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba.

Jikata tana wata biyar, ina neman tsumman goge mata baki a durowa, sai na ga fasfo. To, ƙarya nake, ba tsumma nake nema ba, bincike nake. Fasfo biyu ne, duka da hoton jaririyar. Ɗaya na Amurka, ɗaya mai zanen fure a bango.

Na tare ɗana a gareji. "Kai, me yarinyar nan za ta yi da fasfo biyu?"

"Yaya, normal ne. Uwarta 'yar can ce."

"Normal a gidan wa?"

"Yaya, please," ya ce, ya ci gaba da goge motarsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ba ƙawata labari. Ta kama haɓa ta ce, "Hajiya, ki buɗe ido. Haka suke yi. Za a ce miki hutu aka tafi, sai dai ki riƙa ganin yarinya tana girma a waya." Ban san inda ta samo wannan ba, ita da ko Raleigh da ke nan kusa da mu ba ta cika zuwa ba, amma maganar ta zauna mini. Jika ɗaya gare ni a ƙasar nan. Na ce wallahi ba za a shirya tafiya da ita a gabana ina zaune ina murmushi kamar hoto ba.

A allon sanarwa na laburare na ga takardar wata mai koyarwa. Tsohuwa ce 'yar Japan, mijinta Ba'amurke ya rasu ya bar ta a wani gida mai ƙaton fili a Pleasant Garden. Duk Asabar da safe muke zama a teburin cin abincinta, mu huɗu: 'yan mata biyu 'yan jami'a masu son katun ɗin Japan, wani bature da ya yi ritaya, sai ni. Ranar farko ta tambayi kowa dalilinsa. Da aka zo kaina na ce, "Don in motsa ƙwaƙwalwa." Ta dube ni, ta ƙara mini shayi, ta ce, "Madalla."

Farkon abin daɗi ya yi mini. Haruffa arba'in da shida ta ba mu, na haddace su cikin sati uku ina ninke zannuwan gado a wurin aiki. 'Yan jami'ar nan suna ta kuka wai da wuya. Su ba su san yadda ake koyon baƙi da furfura a ka ba, ni kuwa sana'ata ce. Ga shi bakinsu kusa yake da namu: ka, ki, ku, ke, ko. Inda muke jan murya suna ja, inda muke danne harafi suna dannewa. Baturen yana ta murɗa harshe, ni ina wucewa sumul. Malama ta ce lafazina ya fi na kowa. Na dawo gida ranar ina tuƙi ina jin kaina.

Sati na gaba ta kawo wasu haruffan arba'in da shida, sautinsu ɗaya da na farko, zanen ne daban. Ban gama haɗiye wannan ba ta ce akwai na uku, su kuma dubbai ne, kowanne kamar an taka gizo-gizo.

Na ajiye biro na ce, "Malama, tsakaninki da Allah, mutanen da suke da rubutu kala uku, me suke ɓoyewa?"

Ta rufe baki da hannu tana dariya. Ni ba wasa nake ba.

Daga nan hanya ta yi tudu. Ƙirga cokali daban, ƙirga zanin gado daban, ƙirga kyanwa daban. Yadda za ki yi wa babba magana daban da yadda za ki yi wa ƙawarki. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba sa son faɗin wanda ya yi abu. Sai ki ji "ya tafi" ko "za a koma", ba a ce wa ba. Ga mai leƙen asiri irina wannan masifa ce. Ni wanda zai tafi nake son ji, su kuma shi suke cirewa.

Bayan wata takwas na ce bari in gwada. Lahadi na zauna a falo da jikata a cinya, na kasa kunne kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sun yi minti arba'in suna magana. Abin da na kamo: "eh", "shinkafa", "sanyi". Shi ke nan. Japanancin malama a hankali yake tafiya da sanda, nasu kuwa gudu yake, musamman tsohuwar, da take haɗiye rabin kowace kalma. Na fito na zauna a mota na ce ke kam kin tsufa a banza. Na jefa littattafan a but ɗin mota, na yi wata biyu ban leƙa Pleasant Garden ba.

Har malamar ban bari ba. Wata rana a shagon kayan abincin mutanen Asiya, inda nake sayen busasshen kifi, na hango ta suna sunkuya wa juna da surukata a gaban buhunan shinkafa. Na laɓe bayan firij ɗin kifi har ƙafata ta yi sanyi. Na ce shi ke nan, bakinsu ɗaya, duk abin da nake yi ana kai rahoto. Na yi sati biyu ina duban fuskar surukata ko zan ga alama. Babu. Wannan rashin alamar ma na ƙirga shi cikin alamu.

Abin da ya mayar da ni aji akwati ne. Sabon akwati, ƙato, mai taya huɗu, na gan shi a ɗakin baƙi da ledarsa. Asabar ta gaba ina teburin malama. Ba ta tambaye ni inda na shiga ba. Na ce mata rubutu na ukun nan a bar wa masu ƙuruciya, ni kunne nake so. Ta riƙa ba ni hirarrakin rediyonsu, ina ji a mota, ina ji a wurin ninki, ina maimaitawa har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko addu'a nake. A hankali gudun ya fara raguwa. Yau in kamo kalma biyar, wani satin in kamo jimla guda cur, in yi ta murna kamar an ba ni kujerar Makka, wani satin kuma in koma kamar ban taɓa ji ba.

Sau ɗaya na kusa tona kaina. Jikata ta fara magana, ta miƙo hannu ta nemi ruwa da yaren uwarta, ni kuma ban yi tunani ba na miƙa mata kofi. Surukata ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallona. Na ce, "Ai ƙishi a fuska ake ganinsa." Ta ce, "Haka ne, Mama."

Ranar da abin ya fashe, Lahadi ce, kusan shekara biyu da fara karatuna. Ɗana yana waje yana yankan ciyawa da inji. Ina zaune a ƙasa a bakin kicin ina ba yarinya ayaba, surukata ta kafa waya kamar kullum. Ranar muryarta rawa take, kuma mai kuka a hankali yake magana, shi ya taimake ni. Na ji "tikiti". Na ji "watan huɗu". Na ji "ni da yarinya". Tsohuwar ta yi tambaya, ita kuma ta amsa da kalmar da na sani sarai: "Ban sani ba. Da daɗewa."

Ga shi nan, shekara biyu ban yi a banza ba. Har na fara tsara abin da zan faɗa wa ƙawata. Na danne kaina na ce bari in ji ƙarshe.

Sai ta ce, ina ba ku yadda na tsinto shi guntu-guntu: "Shekara huɗu. Sunansa, ko sau ɗaya, ba ta kira ba. Ba ta zama kusa da shi. Ba ta kallonsa. Saboda ni ne. Idan ba na nan, za su shirya."

Ayabar ta faɗi daga hannuna. Na sake juya kalmomin a kaina ko na yi kuskure. Ban yi ba, duk na aji ɗaya ne: suna, kira, saboda ni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsaya a bayanta na ce, "Chigaimasu." Wato, ba haka ba ne. Da irin ladabin littafi na faɗe shi, wanda ake yi wa mai sayar da tikitin jirgin ƙasa, don shi kaɗai na iya, amma da muryar da nake raba faɗa a gidan biki. Surukata ta juyo kamar kujera ce ta yi magana. Tsohuwar a waya ta sunkuya har na daina ganin fuskarta, sai tsakar kanta. Na ƙara da cewa, "Ni uwarsa ce. Fushi, babu." Daga nan Japanancina ya ƙare. Na koma Turanci, shi ma ya ƙare. Na buɗe taga na ce, "Kai, kashe injin nan ka zo."

Ya shigo da ciyawa a wando. Na ce ya tambayi matarsa inda za ta watan huɗu. Ya ce ai hutu ne, wata ɗaya ko biyu. Ta sunkuyar da kai ta ce tikitin na tafiya ne kawai, babu na dawowa. Sai ga shi ya nemi kujera.

Ta yi magana da Turanci, a hankali, ba ta kalli kowa ba. Ta ce tun ranar aure take lura. Ta ce na kira sunanta, na kira sunan jikata, har karen maƙwabta na san sunansa, amma shi "kai". Ta ce ranar da aka yi masa aiki a asibiti na tsaya a waje na ƙi shiga. Ta ce ta taɓa tambayarsa ko ina fushi da shi, ya ce mata a'a, haka nake. Ta ɗauka rufa mata yake. Ita da mahaifiyarta duk Lahadi abin da suke tattaunawa ke nan: me za a yi uwar nan ta yafe wa ɗanta auren bare.

Shi kuwa sai ya fashe da dariya. Na ce, "Rufe mini baki. Shekara huɗu mace tana cin wannan a cikinta a gidanka, kai kana goge mota." Ya rufe.

Na ce ya fassara mata, kada ya rage komai. Na ce a wurinmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a nuna an damu. Na ce ranar asibitin nan tun asuba nake tsaye a bakin ƙofar da carbi har aka fito da shi, ruwa bai wuce maƙogwarona ba. Wanda ba a damu da shi ba ai shiga ake yi a ce sannu a fita. Yana fassarawa muryarsa tana canzawa, don shi ma bai taɓa jin wannan daga bakina ba.

Ta share ido ta ce, "Mama, sau ɗaya. Ki faɗa in ji."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ni da ban taɓa jin tsoron faɗa wa kowa magana ba, sunan ya zo nan ya tsaya. Shekara talatin da shida ban furta shi ba, ba zai fito don an kafa mini ido ba. Na ga wani ambulan a kan tebur, na jawo shi, na ɗauki biro. Na rubuta sunan da haruffansu, waɗanda suke rubuta sunayen baƙi da su. Na tura mata. Ta duba, ta ɗaga wa wayar. Tsohuwar ta gyara tabarau ta karanta shi da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, daga can ƙarshen duniya. Shi kuma ya miƙe ya ce ya bar inji a kunne. Injin da kowa ya ji ya kashe.

Kada ku ɗauka a nan aka rungumi juna. Da hawaye suka lafa, surukata ta dube ni ta ce, "Mama, tun yaushe kike ji?"

"Kusan shekara biyu nake koyo."

"Kina zaune a nan, kina saurarona da mahaifiyata?"

"Yawanci shinkafa kawai nake ganewa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki 'yarta ta hau sama. Wata biyu cur, idan ƙarfe tara ta yi sai ta ɗauki wayarta ta shiga mota ta rufe gilashi. Ta gaishe ni, ta jera mini takalmi, amma kicin ɗin nan shiru. Ban yi ƙorafi ba, ni na saya. Na je na gaya wa malama komai, na ce ta koya mini ban haƙuri mai nauyi, irin na wanda ya yi babban laifi. Na kuma tambaye ta ko ita ce take kai rahotona. Ta ce ita da yarinyar gaisuwa kawai ke haɗa su. Amma ni ta gane ni tun sati na uku, wai sauran ɗalibai suna tambayar sunayen abinci, ni ina tambayar yadda ake cewa fasfo, asiri, da guduwa.

Na haddace ban haƙurin, na je na faɗa a tsaye, na sunkuya iya inda bayana ya yarda. Ta gyara mini kalma ɗaya, sannan ta ce ya wuce.

Watan huɗu sun tafi, amma da tikitin dawowa, sati uku. Ba zan ɓoye muku ba, kullum sai na soke rana a kalanda, kuma na sa shi ya nuna mini tikitin da idona. Ranar dawowa na riga shi isa filin jirgi da awa biyu. Da na hango yarinyar a kan akwatin nan mai taya huɗu, uwarta tana turawa, sai a lokacin na saki numfashin da na riƙe tun ranar da na buɗe durowa.

Idan na waiwaya, abin da yake ba ni kunya ba zargin ba ne, don ai da gaske akwai tikiti. Abin kunyar shi ne mu biyu muna haɗuwa a gida ɗaya duk Lahadi, kowa tana tsoron ɗaya, kowa ta iya Turancin da zai isa a yi tambaya guda. Ita ta zaɓi ta bar mijinta, ni na zaɓi haruffa dubu. Babu wadda ta zaɓi ta buɗe baki. Japanancina har yau gurgu ne. Jikata tana gyara mini tana dariya. Duk Lahadi ni da mahaifiyar surukata muna samun minti goma, mu yi maganar sanyi da ciwon gwiwa, rabin abin da take faɗa Allah kaɗai ya sani, ina dai cewa eh.

Kwanan nan wata baiwar Allah ta ja ni gefe a wurin suna. Ɗanta na fari zai auri 'yar Vietnam. Ta rage murya ta ce, "Hajiya, an ce ke kika san hanya. Ina ake koyon nasu? So nake in riƙa jin abin da suke cewa ba su sani ba."

Na ce, "Ki koya, zai yi miki amfani. Amma ranar da kika sayi littafi ki nuna mata. Kuma kafin nan, ki zaunar da ita ki gaya mata abin da ya sa ba kya kiran sunan mijinta."

Ta ce, "Au, suna lura da wannan?"

Na ce, "Je ki tambaye ta yau, kafin ta sayi akwati."